Tarihin Kyamarar Mota da Memori: Awa Nawa Ne Kafin Shaidarka Ta Goge?

Ɗan uwa mai mota, ka ɗauka yau ka fito daga Kafin Hausa bayan asuba, ka nufi Haɗeja ka yi lodi. A bakin kasuwa wani mai babur ya fito daga lungu bai duba ba, ya gogi gefen motarka ya faɗi. Jama'a suka taru aka ɗaga shi, ya ce ba komai, ya ba ka haƙuri ka ba shi, kowa ya kama gabansa. Ka wuce Kano, ka gama abin da ya kai ka, ka dawo gida bayan isha. Washegari da hantsi sai ga kira daga ofishin 'yan sanda. Ƙafar mai babur ta kumbura, 'yan uwansa sun kai ƙara, sun ce kai ne ka buge shi ka tafi abinka.

Hankalinka kwance, domin kana da kyamara a manne a gilashin gaba. Ka zare memori aka sa a kwamfuta. Bidiyon da ya fi tsufa a ciki, kai ne a gosulon Kano da la'asar. Na safiyar jiya babu shi. Kyamarar ba ta lalace ba, kuma babu wanda ya taɓa ta. Ita da kanta ta goge, domin haka aka ƙera ta ta yi idan memori ya cika.

Yawancinmu idan za mu sayi wannan na'ura da 'yan kasuwa ke ce wa dashkam, abin da muke tambaya shi ne ko hotonta tar yake, ko tana gani da dare. Ba kasafai ake tambayar awa nawa take riƙewa ba. Alhali tun da aka fara ɗora kyamara a gaban mota, yau sama da shekara 80, matsalar da ake ta fama da ita ke nan: ina za a zuba abin da aka ɗauka? Bari mu bi tarihin tun daga tushe, sannan mu yi lissafin naka memorin.

ZAMANIN FIM: ƘASA DA MINTI UKU

A shekarar 1939 mujallar Popular Science ta Amurka ta buga labarin wani ɗan sandan babbar hanya a jihar Kalifoniya da ya ɗaura kyamarar fim a gaban motarsa, yana ɗaukar masu karya dokar tuƙi don ya nuna a kotu. Dalilinsa shi ne dalilinka na yau. Idan magana ta zama ka ce na ce, wanda ya fi baki ko yake da uwa a gindin murhu shi ke tashi da gaskiya.

To amma duba abin da ake zuba hoto a kai a lokacin. Ƙananan kyamarori suna cin naɗin fim mai faɗin milimita 16, tsawon ƙafa 100. Kowace ƙafa hoto 40 take ɗauka, wato hoto 4,000 a naɗi guda. Idan kyamara tana ɗaukar hoto 24 a sakan ɗaya, cikin minti 2 da sakan 46 naɗin ya ƙare. Ko an rage gudun zuwa hoto 16, minti 4 ne da sakan 10. Kuma fim ba a goge shi a sake amfani da shi, sai an kai an wanke kafin ma a ga abin da ke ciki.

Ka ga ke nan babu halin barin kyamara a kunne. Sai mutum ya ga abu da idonsa sannan ya danna. Shi kuwa hatsari ba ya sallama, kafin ka kai hannu farkon abin ya wuce, kuma farkon ne ake jayayya a kai.

ZAMANIN KASET: AWA UKU

A 1976 kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin bidiyo na VHS. Idan ka ɗan manyanta ka san shi sarai, shi ne baƙin kaset ɗin nan da ake haya a kalla a gida. A kansa aka fitar da Turmin Danya, fim ɗin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin farkon fina-finan Hausa na bidiyo. Idan ka tuna, a jikin kaset ɗin akan rubuta E-180. Ma'anarsa minti 180, awa uku cif. Daga minti uku an koma awa uku, kuma ana iya ɗora sabon ɗauka a kan tsoho.

A shekarun 1980 'yan sandan Amurka suka fara sa kyamara a gaban mota tana zubawa a kaset. Abin da ya sa duniya ta san amfaninta ya faru ne ran 23 ga Janairun 1991, shekarar da aka yanke Jigawa daga tsohuwar jihar Kano. Wani ɗan sanda a jihar Teksas mai suna Darrell Lunsford ya tsayar da wata mota da dare, mutum uku a ciki. Suka far masa suka kashe shi da bindigarsa, suka gudu. Ba wanda ke wurin, amma kyamarar motarsa tana kunne. Wannan kaset shi ya taimaka aka gano su aka gurfanar da su.

Sai dai kaset yana da halinsa. Zafi yana lalata zaren, na'ura tana tauna shi, kuma da zarar ya kai ƙarshe sai ya tsaya cak, sai an sa wani. Ka riƙe wannan, domin za mu dawo kansa: kaset yana adana farkon tafiya, ƙarshenta yake rasawa.

MEMORI YA SHIGO

Canjin ya zo ne daga wani injiniyan kamfanin Toshiba mai suna Fujio Masuoka. Shi ya ƙirƙiro irin ma'ajiyar da ake kira filash. Ya gabatar da nau'in farko a 1984, a 1987 kuma ya kawo nau'in NAND, wanda shi ne a cikin memorinka da filashinka da cikin wayarka. Babu zare, babu abin da ke juyawa. Ƙananan gurabe ne bila adadin a kan ɗan guntun silikon, kowane gurbi ana tura masa cajin lantarki ya riƙe ko da an ɗauke wuta, kuma ana iya gogewa a sake rubutawa nan take. Sunan filash ma wani abokin aikinsa ne ya raɗa, domin saurin gogewar ya tuna masa da walƙiyar kyamarar hoto.

A 1999 kamfanoni uku, SanDisk da Panasonic da Toshiba, suka haɗu suka fito da katin SD. Waɗanda suka shiga kasuwa a 2000 na 32MB ne da 64MB. Da za ka sa na 64MB a kyamarar yau, sakan 35 kacal zai ɗauka ya cika. A 2004 SanDisk ya ƙera ɗan ƙarami don wayoyi, milimita 11 da 15, bai fi farcen yatsa ba, ya sa masa suna TransFlash. A 2005 aka canza sunan zuwa microSD. Shi ya sa har gobe za ka ga an rubuta TF a bakin ramin memori a jikin kyamarori da yawa. TF da microSD abu ɗaya ne, kada mai shago ya ce maka daban ne ya ƙara maka kuɗi.

Mu a nan, wayar salula ta shigo Najeriya a watan Agustan 2001. Bayan 'yan shekaru wayoyi masu cin memori suka cika gari, masu turi suka kafa kwamfuta a bakin kasuwa da tasha. Aka fara da 128MB da 256MB, mai 2GB kuwa sai a ce ya gama. Daga nan muka koyi auna memori da yawan waƙoƙi da fina-finai: fim nawa zai ci? Wannan ma'auni bai yi wa kyamara ba. Fim sau ɗaya ake tura shi a yi ta kallo. Kyamara kuwa rubutu take yi ba tsayawa, tun daga tayar da mota har kashewa.

Girman memori ya yi ta hawa mataki-mataki. Katin SD na asali a 2GB ya tsaya. A 2006 aka fito da tsarin SDHC mai kaiwa 32GB. A 2009 SDXC ya zo, daga sama da 32GB har 2TB. MicroSD mai 128GB ya fito a 2014, mai 1TB a 2019. Wannan iyaka ta 32GB tana da muhimmanci a gare ka. Katunan SDHC da tsarin FAT32 suke zuwa, na SDXC kuma da exFAT. Kyamarori masu araha da yawa FAT32 kaɗai suka iya, shi ya sa a kwalinsu ake rubuta cewa 32GB ne iyakarsu. Wani lokaci idan ka sa na 64GB ka yi masa fomat a cikin kyamarar sai ta karɓa, wani lokaci ta ƙi, ko ta karɓa ta riƙa tsallake ɗauka. Don haka kwalin kyamara ake fara dubawa kafin a sayi memori.

Akwai abu na biyu da ya taimaka, wato matse bidiyo. Hoton 1080p ɗigo sama da miliyan 2 ne, sau 30 a kowane sakan. Da za a zuba shi ɗanye, kusan 186MB zai ci a sakan ɗaya, memori mai 32GB ya cika kafin minti uku, an koma gidan jiya irin na naɗin fim. Tsarin matsewa na H.264 da aka fitar a 2003 shi ya rage wannan nauyi kusan sau ɗari. A 2013 H.265 ya biyo baya, yana ƙara matsewa. Idan kyamararka tana da shi a setin, ka kunna, za ka samu ƙarin lokaci.

RASHA DA DUTSEN DA YA FAƊO

Da memori ya yi araha, kyamarar mota ta bar hannun 'yan sanda ta shiga hannun talakawa. Ƙasar da ta fi suna a nan ita ce Rasha. Direbobinsu suna fama da masu faɗa wa mota da gangan don a biya su diyya, da rigimar inshora, da jami'an hanya masu ɗora wa mutum laifin da bai yi ba. Sai kowa ya nemi shaidar da ba ta cin hanci.

Ran 15 ga Fabrairun 2013 da safe, wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya ratso ya fashe a saman birnin Celyabinsk. Ƙarar ta farfasa gilasan gidaje, kimanin mutum 1,500 suka je asibiti. Babu wanda ya san zai zo, amma duniya ta kalle shi ta kusurwa daban-daban, domin mutane suna kan hanyar zuwa aiki kuma kyamarorinsu suna kunne. Har masana suka yi amfani da waɗannan bidiyoyi wajen gano hanyar da dutsen ya biyo.

Ka kwatanta da abin da ya same mu a Majiya, a ƙaramar hukumar Taura kan hanyar Kano zuwa Haɗeja, daren 15 ga Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Bidiyoyin da suka fi yawo a wayoyi na bayan faɗuwar tankar ne. Haka waya take, sai an ciro ta an danna, tamkar kyamarar ɗan sandan 1939. Ta mota ce kaɗai ke ɗauka tun kafin a san za a buƙata.

Yaya ake yi ta ɗauka kullum ba ta cika ba? Dabarar ita ce abin da ake kira lup, wato ɗauka mai zagayawa. Kyamara tana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, minti 1 ko 3 ko 5. Idan memori ya cika sai ta goge gunduwar da ta fi tsufa ta ɗora sabuwa, ba ƙara, ba tambaya. Ka ga an juya halin kaset ke nan. Memori ƙarshen tafiya yake adanawa, farkonta yake cinyewa. Girman memorinka shi ne nisan da za ka iya waiwayawa baya. Direban Celyabinsk da ya ci gaba da tuƙi bai kwafe ba, da nasa dutsen ya goge kamar yadda mai babur ɗinka ya goge.

MU YI LISSAFI

Kada ka dogara da abin da aka rubuta a kwali, kowace kyamara da irin cinta. Ga yadda za ka auna taka:

1. Ka yi tuƙi na kamar minti 15 da rana, sannan ka kashe kyamarar ka zare memori ka sa a waya ko kwamfuta.
2. Ka duba nauyin gunduwa ɗaya cikakkiya. Mu ce ta minti 3 ce, nauyinta 330MB.
3. Raba 330 gida 3, ka samu 110MB a minti ɗaya.
4. Ninka sau 60, ka samu 6,600MB, wato kusan 6.5GB a awa ɗaya.
5. Raba girman da memorin ya nuna da wannan adadi.

A mataki na biyar za ka lura memori mai 32GB yana nuna 29.8GB a kwamfuta, mai 64GB yana nuna 59.6GB, mai 128GB kuma wajen 119GB. Wannan ba cuta ba ce. Kamfani yana ƙirga dubu-dubu, kwamfuta tana ƙirga 1,024. Da wanda ya nuna za ka yi lissafi.

A kyamarar da ke cin 110MB a minti, wanda shi ne kusan cin 1080p na yau da kullum, ga abin da zai fito:

16GB: awa 2 da minti 20
32GB: awa 4 da rabi
64GB: awa 9
128GB: awa 18
256GB: awa 36 zuwa 37

Idan kyamararka mai ido biyu ce, gaba da baya, ka raba waɗannan awoyi kusan biyu. Idan 4K take ɗauka, za ta iya cin ninki biyu ko uku na wannan.

Yanzu mu koma tafiyarka. Kafin Hausa zuwa Haɗeja bai kai awa ɗaya ba. Mu ce ka yi rabin awa mota a kunne wajen lodi, awa uku da wani abu zuwa Kano, awa ɗaya a cunkoson gari, sannan dawowa. Ka tashi da awa 8 zuwa 9 a rana guda. Mai 32GB rabin ƙarshe kawai zai riƙe, shi ya sa bidiyonka ya fara daga la'asar. Mai 64GB zai kai da ƙyar, amma da ka tayar da mota washegari ya fara cin safiyar jiya. Idan kuma damina ce irin ta 2022 da ruwa ya yanke hanyoyi a yankin Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa, zagaye kaɗai zai ƙara maka awoyi.

Ƙa'idar da za ka bi mai sauƙi ce: memori ya iya riƙe tuƙinka na kwana biyu, domin ƙara ba ta cika zuwa ranar da abu ya faru ba. Malamin makaranta ko ma'aikacin Jami'ar Sule Lamido da ke yin awa ɗaya ko biyu a rana, 32GB ya ishe shi. Direban haya mai zuwa Kano kullum, 128GB ne nasa, idan mai ido biyu ce 256GB, muddin kyamarar tana karɓa.

ABUBUWAN DA KE CIN AWOYINKA A ɓOYE

Na farko, sensar girgiza, wadda a setin ake rubuta ta da harafin G. Aikinta idan ta ji an bugi mota ta kulle gunduwar da ake ɗauka don kada lup ya goge ta. Dabara ce mai kyau a kan titi mai santsi. A hanyoyinmu kuwa kowane rami da kowane tudun rage gudu hatsari take ɗaukarsa. Cikin 'yan makonni kulallun bidiyoyin ramuka sun cinye wuri. A wasu kyamarori awa huɗunka sai ta koma minti 40, a wasu ma ɗaukar ce za ta tsaya gaba ɗaya alhali fitila tana ci. Ka sa sensar a mataki mafi ƙasa, kuma ka riƙa share kulallun da ba ka buƙata.

Na biyu, ramin caja na mota. A wasu motoci wutarsa ba ta ɗaukewa ko an zare makulli. Kyamara sai ta kwana tana ɗaukar bangon gida, kafin asuba ta shafe tafiyar jiya kaf, ga batir ya sha wahala. Ka kashe mota yau ka duba ko kyamarar ta mutu. Idan ba ta mutu ba, ka riƙa zare wayar cajin da dare.

Na uku, kuma shi ya fi muni, jabun memori. Ana ɗaukar ƙaramin memori na 8GB a sauya bayanin da yake faɗa wa waya, sai ya riƙa nuna 128GB. Waya za ta yarda, kwamfuta za ta yarda, kyamara ma haka. Komai zai tafi daidai har a cika 8GB na gaskiya. Daga nan sunayen bidiyo za su ci gaba da fitowa a jere, amma ka buɗe ka ga ba ya buɗuwa. A waya za ka gane da wuri, domin kana kallon abin da ka tura. A kyamara ba mai dubawa sai ranar da ake nema. Ko a Farm Centre ta Kano ka saya ko a shagon garinku, ka gwada kafin ka sa. A kwamfuta akwai manhaja kyauta mai suna H2testw, tana cika memorin taf sannan ta karanta ta faɗa maka nawa ne na gaskiya. Idan babu kwamfuta, ka kai wa mai turi ya cika shi da fina-finai har ya ƙi karɓa, sannan a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Kuma duk memorin da kuɗinsa ya yi ƙasa da na sauran da yawa, araha ba ta ado, ka bar shi.

Na huɗu, tsufa. Guraben nan na Masuoka ba sa dawwama, kowane gogewa yana cin su kaɗan. Don a samu girma da araha, kamfanoni sun koma cusa bayani uku ko huɗu a gurbin da da can ɗaya yake ɗauka, sai juriya ta ragu. Memori na yau da kullum yana jure gogewa daga ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai. Direban da ke awa 9 a rana da 32GB yana cika shi sau biyu kullum, wajen sau 700 a shekara. Da 128GB ne, sau ɗaya a kwana biyu, wajen sau 180. Babban memori ke nan ya fi nisan waiwaye, ya kuma fi tsawon rai. Akwai waɗanda aka yi musamman don wannan aiki, irin su SanDisk High Endurance da Samsung PRO Endurance. Batun gudu kuwa kada ya ruɗe ka. Kyamarar 1080p ba ta kai 2MB a sakan ba, alhali memori mai alamar U1 yana rubuta 10MB, mai U3 ko V30 yana rubuta 30MB. U1 ya isa 1080p, U3 na 4K ne. Juriya za ka sa wa kuɗi.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Haɗeja yana haura digiri 40, bayan gilashin motar da aka rufe a rana kuwa ya wuce haka nesa. Zafi yana gajiyar da memori, yana kumbura batirin kyamara. Idan batirin ya mutu, kyamara ba ta samun damar rufe gunduwar ƙarshe idan wuta ta yanke, kuma a hatsari gunduwar ƙarshe ita ce maganar. Idan za ka saya, ka nemi mai kafasito maimakon batir, ta fi jure rana. Idan za ka daɗe a ajiye, ka nemi inuwa ko ka cire ta.

IDAN ABU YA FARU

Da zarar an yi karo, ko an goge ka, ko an yi sa-in-sa a shingen hanya, ko da an ce an yafe, ka danna maɓallin kullewa. Yawanci hoton kwado ne a jikinsa. Abin da ya fi ma, ka ajiye memori na biyu a aljihun mota. Ka kashe kyamara, ka zare na ciki ka adana, ka sa ɗayan ka ci gaba da tafiya. Kada ka zare tana ɗauka, gunduwar za ta lalace. Da ka isa gida ka kwafe a waya ko kwamfuta, amma kada ka goge na asali, kada ka yanke, kada ka tura ta WhatsApp ka ce shi ne ajiyarka, domin yana rage kaifin hoto har lambar mota ta ƙi karantuwa.

Idan mota ta faɗa ruwa da damina, kada ka yanke ƙauna. Sau da yawa kyamara takan mutu memori ya tsira. Ka zare shi, ka goge, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka sa a wani abu.

Ta fuskar shari'a, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar karɓar abin da na'ura ta ɗauka, amma da sharaɗin a nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, tare da takardar tabbaci. Lauya ya san yadda ake shirya ta. Naka aikin shi ne kwanan wata da agogon kyamara su zama daidai. Bidiyon da ke nuna Janairun shekarar da aka ƙera kyamarar zai ba abokin shari'arka abin kamawa. Ka kuma sani kyamara ba ta san mai ita ba. Idan kai ne ka yi gudu ko ka sha gaba a kwana, haka za ta nuna. Sannan hoton waɗanda hatsari ya rutsa da su na hukuma ne da iyalansu, kada ka watsa shi.

Sau ɗaya a wata ka kwafe abin da kake so, ka yi wa memori fomat a cikin kyamarar kanta. Yau da dare kuma idan ka ajiye mota, ka zare memorin ka duba abu biyu: ƙarfe nawa bidiyon da ya fi tsufa ya fara, kuma yana buɗuwa? Idan bai kai safiyar jiya ba, ka san abin da za ka saya kafin tafiya ta gaba. Allah ya tsare hanya.